Tablon injin jirgin ruwa: yadda ake gane ciwonsa, da yadda ake sake haɗa shi

Yau bayaninmu kan tablon injin jirgin ruwa ne. Jiragen teku masu tafiya da iska kan ajiye ƙaramin injin gazuwal, irin su Yanmar ko Volvo Penta, don shiga tasha ko ranar da iska ta kwanta. Mu ba mu da teku, amma irin wannan tablo yana kan injunan gazuwal da yawa da muka sani: na manyan kwale-kwalen kogin Isa, na janareto, na tarakta da na motocin kaya. Karatun ɗaya ne.

Tablo shi ne bakin inji. A kansa akwai makulli, agogon saurin juyawa, ma'aunin awowin aiki, ƴar ƙararrawa, da fitilu uku: ta mai, ta zafi, ta cajin batir. In fitilar mai ta mutu, famfon mai kuma ya daina turawa, inji na iya ƙonewa cikin mintoci kaɗan babu abin da ya faɗakar da direba. A tsakiyar ruwa, da mutane da kaya, wannan maganar rai ce.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A murɗa makulli, kada a tada inji. Fitilar mai da ta caji su kama, ƙararrawa ta yi kuka. In inji ya tashi, su mutu. Fitilar zafi kuwa a yawancin injuna ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi fiye da kima, don haka ana gwada ta ne ta cire wayarta daga jikin na'urar jin zafi a taɓa ta ga ƙarfen inji. In ba ta kama ba, ciwon yana ga kwan fitila ko ga waya.

Sau da yawa agogo lafiyarsa lau, waya ce ta ci amana. Danshi, gishirin teku da girgiza ke sa bakin waya ya yi kore ko ya saki. A fara duba wayar mas, wadda ke haɗa tablo da jikin inji, don in ta yi tsatsa allurai duka sai su rinƙa ƙarya. Sannan a auna batir: mai cikakken caji yana ba da wajen volt 12.6 in inji na kwance, ya hau tsakanin 13.8 da 14.4 in yana aiki. In bai hau ba, a duba bel ɗin da ke juya dinamo. Bel mai sako-sako yana hana caji, kuma yana ruɗa agogon saurin juyawa a injunan da agogon ke karɓar saƙo daga dinamo.

Akwai tarko biyu da ke kama masu gyara. Na ɗaya: a dinamo da yawa, ƴar wutar da ke bi ta kwan fitilar caji ita ce ke tada cajin. In kwan ya ƙone, ko an musanya shi da LED ba tare da ƙarin resistans ba, batir na iya daina cika. Na biyu: agogon mai da na'urar da ke aiko masa da saƙo dole su zama ƴan gida ɗaya. Na Turai yana aiki daga ohm 10 zuwa 180, na Amurka daga 240 ya sauko 33. In aka haɗa su barkatai, allura sai ta yi tafiyar baya. Masu aiko da kayan gyara daga waje, ku sayi biyun tare.

In za a sake haɗa tablon gaba ɗaya, a fara cire kan batir na mas. A ɗauki hoton bayan tablo da salula, a liƙa wa kowace waya suna, a canza su ɗaya bayan ɗaya. A sa wayar tagulla mai silli-silli, ba mai ƙwaya ɗaya ta gida ba, don girgiza na karya ta. A matse bakunan da kyau maimakon murɗawa da hannu a naɗe da leda. A sa fuzibil kusa da batir. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya gobara yake gayyata. A toshe gefen allon kada ruwa ya shiga.

Abu na ƙarshe: tsohon injin gazuwal ba ya mutuwa da makulli, sai an ja wayar tsayarwa. Kashe makulli yana aiki na rufe bakin ƙararrawa, cire batir yana aiki kuma na ƙona dinamo. Fasinja ma yana da haƙƙin tambayar direba ko fitilunsa na kamawa kafin a bar gaɓa. Allah ya kai kowa gida lafiya.