Gida a Bakin Kududdufi: Maldibs da Gine-ginenta

Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san irin gidan gadon nan da ke bakin kududdufi. Kaka ne ya gina shi tun yana shi kaɗai da matansa biyu. Yau jikoki sun yi aure a ciki, an datse zaure an mai da rabinsa ɗaki, an tayar da bango inda turken awaki yake, ban-ɗaki ɗaya ake bi wa layi da asuba. Gabas maƙwabci, yamma maƙwabci, kudu lungu, arewa kuma ruwa. Da damina ta sauka sai kududdufin ya cika ya fara lasar gindin katanga. Maigidan irin wannan gida ba ya gini don sha'awa. In bai yi gini ba, ko gidan ya fashe da mutane, ko ruwa ya cinye shi.

Akwai ƙasar da gaba ɗayanta haka take. Maldibs tana cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sri Lanka. Tsibirai ne kusan 1,200, ƙasa da 200 ne ake zaune a cikinsu zaman gari, kuma in aka haɗa busasshiyar ƙasarsu duka ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba. Mafi yawanta bai fi mita ɗaya a saman teku ba. Al'ummarta Musulmi ne, mutum kusan rabin miliyan idan an haɗa da baƙi 'yan ci-rani, kuma wajen kashi 40 cikin 100 sun tattaru a Male, babban birni, da kewayensa. Tsibirin Male kansa murabba'in kilomita biyu ne kacal, mutum zai zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba. Muna da tsohuwar alaƙa da mutanen nan ko da ba mu san juna ba: da yawa daga cikin kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi daga tekunsu aka tsamo shi. Ƙasar da a da take ɗebo kuɗi daga ruwa, yau ita ce ke yawon neman rance don ta tsare kanta daga ruwan.

Aikin farko da mai hankali ke yi a gidan bakin kududdufi shi ne katanga. Ba wanda zai zo ya taya shi murna a kanta, ba a yanka rago, amma ita ce gidan. A watan Afrilun 1987 manyan igiyoyi suka hau Male suka mamaye wani babban ɓangarensa. Gwamnatin Maumoon Abdul Gayoom ta nemi taimako, Japan ta amsa, aka shiga gina shingen kankare a kewayen tsibirin, mataki bayan mataki, har zuwa 2002. Kyauta ce, ba rance ba. Shekara biyu da gamawa, ranar 26 ga Disamba 2004, ambaliyar tsunami ta afka wa yankin. Sama da mutum 80 suka rasu a faɗin ƙasar, wasu tsibirai sai da aka kwashe mutanensu gaba ɗaya, asarar kuma ta kai wajen kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ruwa ya shiga titunan Male, amma birnin bai rushe ba. A ganina, cikin duk gine-ginen da aka yi a ƙasar babu wanda ya biya kuɗinsa kamar wannan shinge, kuma shi ne wanda ba a cika ganin hotonsa a takardun talla ba.

Katanga tana tare ruwa, ba ta ƙara fili. To ina za a sa yaran da suka girma? Abin da ake yi a unguwanninmu shi ne ciko. A yi ta zuba ƙasa da ɓaraguzai a bakin kududdufi, tifa bayan tifa, har wurin ya ɗauki ƙafa, sannan ya ɗauki harsashi. Haka Maldibs ta yi, sai dai nata cikon da jiragen yasar teku ake yinsa. A 1997 aka fara tsotso rairayi daga ƙarƙashin teku ana zubawa a wani wuri marar zurfi kusa da filin jirgin sama, aka samu sabon tsibiri mai suna Hulhumale, aka ɗaga shi wajen mita biyu a kan teku, ya fi Male tudu. Mutane suka fara tarewa a 2004, aka ƙara masa kashi na biyu a 2015. Mai zargin wannan aiki ya fara zuwa ya ga yadda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya a Male, suna biyan hayar da ta cinye rabin albashi ko fiye.

Sai dai wanda ya taɓa zama kusa da mai ciko ya san sauran labarin. Ruwan da aka kora ba ya ɓacewa, gidan wani yake komawa. A Maldibs wanda ake turawa ruwan shi ne murjani, wato duwatsun nan masu rai da ke kewaye da kowane tsibiri. Su ne ke karya ƙarfin igiya tun kafin ta iso gaɓa, daga jikinsu rairayin tsibiran yake fitowa, a cikinsu ake kamo ƙananan kifayen da masunta ke yin koto da su, kuma su ne 'yan yawon buɗe ido ke biyan daloli don su gani. Yasar teku tana tayar da laka ta lulluɓe su ta shaƙe su. Ke nan ana kankare katangar da Allah ya gina kyauta ana yin tubalin sabon ɗaki da ita. Akwai ma cikon da aka yi da shara zalla, kamar yadda muke yi: tun 1992 ake kai bolar Male wani wuri mai suna Thilafushi, har ya zama tsibiri mai zaman kansa, ya yi shekaru hayaƙinsa yana tashi ana hango shi daga nesa.

Da aka yi sabon sashe a hayin ruwa, sai aka buƙaci hanyar da za ta haɗa shi da tsohon gida. Kafin 2018, wanda ke kwana a Hulhumale yana aiki a Male sai ya bi jirgin fito, kuma ranar da teku ta yi fushi sai haƙuri, ko da mai naƙuda ce. A zamanin shugaba Abdulla Yameen ƙasar Sin ta gina gadar Sinamale, mai tsawon wajen kilomita biyu, aka buɗe ta ranar 30 ga Agusta 2018. Ta ci kimanin dala miliyan 200, fiye da rabi kyauta daga Sin, wani kaso rance, sauran daga aljihun gwamnati. 'Yan adawa sun yi ta sukar kuɗin, kuma suna da hujja, amma yau su ma a kanta suke wucewa da baburansu. Gadar ta yi amfani, wannan ba abin musu ba ne.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen masu ba da rancen. Maigidanmu yana da maƙwabta biyu masu hali waɗanda ba sa ga-maciji da juna. Ɗaya, wato Indiya, katangarsu ɗaya da shi, ɗayan, wato Sin, yana can ƙarshen layi amma aljihunsa ya fi zurfi. In ya karɓi siminti a hannun wannan, gobe wancan zai aiko da rodi, ba don yana ƙaunarsa ba, sai don kada a ce gidan ya zama na abokin gabarsa. Da Ibrahim Mohamed Solih ya kayar da Yameen a zaɓen 2018 ya juya wajen Indiya, sai Indiya ta ɗauki nauyin gada ta biyu wadda ta ninka ta farko sau uku: kilomita 6.74, daga Male zuwa Villingili, zuwa Gulhifalhu, zuwa Thilafushi. Dala miliyan 100 kyauta, miliyan 400 rance, aka ba kamfanin Afcons kwangilar a 2021, aikin kuma ya sha ɗage wa'adi. A 2023 Mohamed Muizzu, wanda shi ne ministan gidaje lokacin da ake gina gadar Sin, ya ci zaɓe da alkawarin fitar da sojojin Indiya daga ƙasar. Ya fitar da su a watan Mayun 2024. Kafin shekarar ta ƙare, a Oktoba, yana birnin Delhi, inda Indiya ta amince ta tallafa masa da musayar kuɗi har da dala miliyan 400 saboda asusun kuɗin waje ya kusa ƙafewa. Maƙwabcin da ka yi wa gori da safe, shi kake ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare.

Wasu za su ce wannan wayo ne, ƙaramin gida yana cin arzikin manya biyu. Da haka ne da an yaba. Amma duk canjin maigida yana zuwa da korar birkilan da na baya ya ɗauka, kuma korar birkila ba kyauta ba ce. A 2010 gwamnatin Mohamed Nasheed ta ba kamfanin GMR na Indiya filin jirgin saman Male ya gyara ya gudanar na shekara 25. A ƙarshen 2012 gwamnatin da ta gaje ta ta soke yarjejeniyar. Aka je gaban masu sasanci a Singafo, a 2016 Maldibs ta biya diyyar wajen dala miliyan 270. Kuɗin ya fi na gadar Sinamale, kuma ba a ɗora ko bulo ɗaya da shi ba. Daga baya wani kamfanin Sin ya gina sabon titin saukar jirage, kamfanin Binladin na Saudiyya ya gina sabon zauren fasinjoji da rancen ƙasashen Larabawa, wanda sai a 2025 aka buɗe shi.

Da me ake biyan duk wannan? Gidan yana da ɗan haya guda ɗaya mai biya da kuɗi masu kauri, shi ne yawon buɗe ido. An fara shi a 1972 da otal ɗaya mai suna Kurumba, ya girma har baƙi suka kai miliyan 1.7 a 2019. Kifi ma yana kawo wani abu, amma bai kama ƙafarsa ba. A 2020 annobar korona ta sa ɗan hayan ya kulle ɗakinsa ya tafi: baƙi suka faɗo zuwa kusan 555,000, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. Mai bin bashi kuwa bai san an yi annoba ba. A 2021 gwamnati ta sayar da takardun sukuk na dala miliyan 500, ribarsu ta kusa kashi 10 cikin 100, wa'adinsu Afrilun 2026, wani ɓangare don a biya tsohon bashi. Cin bashin Malam Audu ke nan a biya Malam Garba. Baƙi sun dawo, sun haura miliyan biyu a 2024, amma a wannan shekarar ce kamfanonin Fitch da Moody's suka sauke darajar ƙasar zuwa sahun waɗanda ake tsoron za su kasa biya, domin bashin gwamnati ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ba a yi ƙarya ba da aka ce ramar bashi ta fi ƙibarsa. Kuma ga Sri Lanka nan kusa, wadda ta jinginar da tashar Hambantota na shekara 99 a 2017, ta kuma kasa biyan bashinta a 2022.

Abin da ya fi damuna shi ne yaɓe. Gidan ƙasa ba ranar gini yake cin kuɗi ba, kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara indararo. A wurin da iska ke ɗauke da gishiri dare da rana, ƙarfe da kankare ma haka suke. Amma wa zai zaɓe ka don ka yi yaɓe? A watan Disambar 2014 gobara ta tashi a matatar da ke tace ruwan teku ta mai da shi na sha a Male, sai birnin mai mutum sama da 100,000 ya wayi gari famfo a bushe. Sai da Indiya da Sri Lanka da Sin suka yi jigilar ruwan gora ta sama da ta ruwa, mutane suna bin layi da bokitai kwana da kwanaki. A lokacin, ƙasar da ke shirin kafa gada a tsakiyar teku ba ta da madadin matata ɗaya. Haka dogayen benayen Hiyaa a Hulhumale, guda 16 masu hawa 25, gidaje kusan 7,000 da aka gina da rancen Sin: da aka zo miƙa su, sai da masu tarewa suka ƙarasa cikinsu da kuɗinsu.

Su kuma dangi na nesa, mazauna ƙananan tsibirai na kudu da arewa, suna kallo. Duk gada da bene da aka ƙara a Male wani dalili ne na saurayi ya haɗa kayansa ya taho, cunkoson da aka yi ciko dominsa ya dawo sabo. Don a rarrashe su, kowane ɗan takara sai ya yi musu alkawarin tashar jirgin ruwa ko filin jirgin sama, a gina, da yawa kuma ba sa iya biyan kuɗin gudanar da kansu.

A ƙarshen 2023, makonni kaɗan da hawansa mulki, Muizzu ya ƙaddamar da Ras Male, sabon ciko a wani wuri mai suna Fushi Dhiggaru, wanda aka tsara zai ninka Hulhumale girma. A lokacin gadar Indiya ba ta kai rabin hanya ba, kashi na biyu na Hulhumale bai gama samun makarantu da asibitin da za su ishe shi ba, ranar biyan sukuk kuma tana matsowa. Da ni ne ɗan'uwan maigidan, da na ce masa: Yaya, a fara rufe ɗakin da aka kai linta, a biya mai siminti, tukuna a kira tifa.