Kamshaf: Sandar da Ke Tsara Numfashin Inji

A watan Afrilu na shekarar 1989 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fitar da wata mota mai suna Integra XSi. Girman injinta, wanda ake kira B16A, bai wuce lita 1.6 ba, kuma ba shi da turbo, amma yana ba da ƙarfin doki 160, wato doki 100 ga kowace lita. Masu haɗa injin tsere sun daɗe suna samun irin wannan ƙarfi, sai dai injinansu ba sa tafiya lafiya a cikin gari. Abin da ya ja hankalin masana shi ne wannan injin yana tafiya sumul cikin cunkoso, idan kuma aka taka totur ya rikiɗe tamkar na tsere. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma shekara da shekaru haka lamarin yake ga injin mota. Dalilin haka yana tattare da wata sandar ƙarfe da makanikai ke kira kamshaf.

Yadda inji ke numfashi

Injin fetur na mota yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a shekarar 1876. Fistan yana sauka ya zuƙi iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta ƙarfin ƙonewa ya tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin waɗannan matakai huɗu su cika, karanshaf yana yin juyi biyu, wato digiri 720. Kamshaf kuwa juyi ɗaya tak yake yi, kuma bel ko sarƙa ce ke haɗa shi da karanshaf domin kada su saɓa.

A jikin kamshaf akwai wasu tozaye masu siffar ƙwai. Duk sanda tozo ya zagayo, sai ya danna bawul ya buɗe, idan ya wuce sifirin ya mayar da shi ya rufe. Siffar tozon da mazauninsa su ne ke ƙayyade abu uku: zurfin buɗewar bawul, tsawon lokacin da zai yi a buɗe, da kuma daidai digirin da zai buɗe ko ya rufe. Saboda haka yawan iskar da inji zai zuƙa yana hannun kamshaf, ƙarfin inji kuwa ya dogara ne da yawan iskar da ya samu ya ƙona mai da ita.

Iska tana da nauyi

Mai karatu zai yi tsammanin bawul ɗin shiga yana rufewa da zarar fistan ya kai ƙasa. Ba haka ake yi ba, domin iska tana da nauyi, kuma duk abin da ke da nauyi ba ya tashi nan take, ba ya kuma tsayawa nan take. A juyi 1,000 cikin minti, bugu ɗaya yana ɗaukar kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa. A juyi 6,000 kuwa kashi 5 kacal yake ɗauka. A irin wannan gudu, fistan zai kai ƙasa har ya fara hawa alhali iska tana ci gaba da kwararowa da ƙarfin gudunta. Don haka ake barin bawul a buɗe na wasu gomiyoyin digiri bayan fistan ya juyo, domin silinda ta ƙara cika.

Matsalar ita ce, wannan jinkiri da ke amfani a babban gudu illa ne a ƙaramin gudu. Idan inji yana juyawa a hankali, iskar ba ta da ƙarfin turo kanta, sai fistan ya kore wani sashe nata ta hanyar da ta shigo. Haka nan akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga ya fara buɗewa alhali na hayaƙi bai gama rufewa ba. A babban gudu, hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska a bayansa. A ƙaramin gudu kuwa hayaƙi ne ke komowa ya gurɓata ta. Wannan ne ya sa injin tsere yake kakkarwa idan yana silo, yana yi kamar zai mutu.

Ƙarfin murɗa da ƙarfin doki

Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da karanshaf ke juya abin da aka ɗaura masa, kuma ana auna shi da Newton-mita. Idan aka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya, an murɗa noti da kimanin Newton-mita 98. Ƙarfin doki kuwa ana samunsa ne idan aka ninka ƙarfin murɗa da saurin juyi. Injin da ke ba da Newton-mita 150 a juyi 3,500 yana fitar da kilowat 55. Idan ya iya riƙe wannan 150 ɗin har juyi 7,000, kilowat 110 zai fitar.

Injin da ba shi da turbo ba ya iya zuƙar iskar da ta wuce cikinsa da yawa, shi ya sa ƙarfin murɗarsa yake tsayawa a wajen Newton-mita 100 ga kowace lita. Na B16A ma 152 ne, amma a juyi 7,000 yake kaiwa nan. Ke nan babban aikin kamshaf shi ne zaɓar saurin juyin da silinda za ta fi cika, domin a nan ƙarfin murɗa yake kai ƙololuwa. Gajeren tozo yana ajiye ƙololuwar a ƙasa, inda motar kaya ke bukata. Dogon tozo yana kai ta sama, inda ɗan tsere ke so. Wanda ya sa wa motar gari kamshaf na tsere zai ga ta yi sanyi wajen tashi, tana shan mai, ƙarfinta kuma yana can inda da wuya ya kai ta.

Aikin mai haɗa inji

Ƙwararren mai haɗa inji ba ya dogara da alamomin da kamfani ya buga kaɗai. Yana ɗaura faifai mai digiri 360 a bakin karanshaf, ya sa agogon awo a kan bawul, ya juya inji da hannu yana duba inda kowane bawul ke buɗewa. Idan ya matsar da kamshaf gaba da digiri 2 zuwa 4, bawul ɗin shiga zai rufe da wuri, ƙarfin murɗa ya gangaro ƙasa. Idan ya ja shi baya, ƙarfin ya koma sama.

Akwai haɗari a cikin wannan gyara. Duk matsawa tana rage tazarar da ke tsakanin fistan da ɗaya daga cikin bawulolin. Saboda haka ake manna laka mai taushi a kan fistan, a rufe inji, a juya shi, sannan a buɗe a auna kaurin da ya rage. Galibi ana neman tazarar kimanin milimita 2 ga bawul ɗin shiga, da milimita 2.5 ga na hayaƙi.

Sifirin ma yana da iyaka. A juyi 6,000 kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan sifirin ya kasa mayar da shi a kan lokaci, bawul zai daina bin tozo, kuma ƙarshen abin shi ne karo da fistan. Don kauce wa haka ake rage nauyin bawul da ƙarfen titaniyam. Kamfanin Ducati na Italiya ya zaɓi wata hanya, inda tozo na biyu ke rufe bawul, kamar yadda Mercedes ta yi a motar tserenta ta 1954. Renault kuwa a 1986 ta maye gurbin sifirin ƙarfe da matsattsiyar iskar gas a tseren Formula 1.

Dabarar Honda

Ayarin injiniyoyin Honda, ƙarƙashin Ikuo Kajitani, sun haɗa kamshaf biyu a sanda ɗaya. Kowane bawul biyu suna da tozaye uku da roka uku. A ƙaramin gudu, ƙananan tozaye biyu na gefe ke aiki, rokar tsakiya tana motsi ba ta danna komai. Idan juyi ya kai wajen 5,000, kwamfutar mota tana buɗe wa baƙin mai hanya, ƙarfinsa ya tura wata 'yar ƙusa ta kulle rokokin uku wuri ɗaya, sai duk su bi babban tozon tsakiya. Wannan tsari ne aka sa wa suna VTEC.

Tun 1980 Alfa Romeo ta riga ta fitar da motar Spider mai kamshaf da ke matsawa gaba ko baya yana cikin tafiya. BMW ta kawo VANOS a 1992, Toyota ta biyo da VVT-i, kuma a 2001 BMW ta fitar da Valvetronic, mai sauya zurfin buɗewar bawul daki-daki.

Darasi ga masu mota

Irin waɗannan injina suna cikin motocin Honda da Toyota da suka cika titunan Kano da Kaduna, kuma lafiyarsu ta dogara da baƙin mai. Idan man ya yi datti ko ya yi ƙasa, hanyoyinsa za su toshe, kamshaf ya daina sauyawa, mota ta rasa ƙarfi. Haka nan wajen sauya tayimin bel. Idan tayar kamshaf tana da haƙora 40, kuskuren haƙori ɗaya digiri 18 ne a karanshaf, alhali ƙwararru a kan digiri 2 suke kai-komo. Kankare kan silinda bayan inji ya yi zafi shi ma yana jan lokacin kamshaf baya kaɗan. Ya kamata mai mota ya sauya bel a nisan da kamfani ya ƙayyade, domin a injina da yawa, idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistan zai lanƙwasa bawuloli, gyaran bel ɗaya ya zama gyaran inji baki ɗaya.