KIWON RAGO: SANA'AR DA YARAN AREWA KE KOYO A KURMI

Duk wanda ya bi hanyar Ikko zuwa Badun da sassafe, makonni kaɗan kafin Babbar Salla, idan ya iso kasuwar Kara zai tarar da yara da samari kowanne da bokiti da soso, suna wanke raguna ɗaya bayan ɗaya. Wani ya riƙe ƙaho, wani yana cuɗa baya, wani kuma ya durƙusa yana duba kofato. Baƙo zai ɗauka aikin lada ne kawai na 'yan kwanaki, alhali kuwa makaranta ce, kuma a irinta ne yawancin manyan dillalan dabbobi na Kurmi suka yi karatunsu.

Cinikin dabbobi tsakanin Arewa da Kurmi ya daɗe ƙwarai. Tun kafin zuwan jirgin ƙasa fatake ke koro garke a ƙasa har bakin teku, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai harkar ta ƙara bunƙasa. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, ta tashi ne a kan cinikin shanu da goro, bisa tsarin da kowa ya sani: mai gida ya sauki baƙo, dillali ya nemo mai saye, yara kuma su yi hidimar dabba. Yau manyan motoci ne ke ɗauko raguna daga kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Potiskum, amma tsarin yana nan, kuma yaron da ke riƙe igiya har yanzu shi ne tushen sana'ar.

Abin da ya canza shi ne, da yawa daga cikin 'ya'yan 'yan Arewa da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ba su taɓa bin garke zuwa daji ba. A gida yaro yakan tashi ya tarar da tunkiyar uwarsa ɗaure a turke, ya koyi kiwo ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. A nan kuwa sai an yi niyya an koya masa, in ba haka ba ya girma bai san bambancin Uda da Balami ba.

ZAƁEN RAGO

Darasi na farko shi ne sanin iri. Balami shi ne mafi girma a cikin tumakin Nijeriya, fari ne fat, mai gantsararren hanci da manyan kunnuwa masu reto, kuma an fi samunsa a Borno da kewayenta. Uda na Fulani ne, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kamar an raba shi biyu da layi. 'Yanƙasa sun fi yawa, farare ne da ɗigon baƙi a ido da baki da kunne, ragonsu yana da geza a wuya. Sai kuma gajerun tumakin Kurmi, waɗanda ba su da girma amma suna jure wa cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, abin da manyan ragunan Arewa ba su iyawa.

Daga nan sai a koya wa yaro buɗe bakin rago. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, guda 8 gare ta a ƙasa. Ɗan rago yana da ƙananan haƙoran nono, idan ya kai shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi sai biyun tsakiya su faɗi, manya su fito. Wajen shekara 2 manyan sukan zama 4, a shekara 3 su zama 6, a shekara 4 baki ya cika. Wannan ilimi yana da amfani biyu. Na farko, mai sayarwa ba zai cuci yaro da tsohon rago wanda ba ya ƙara nama ba. Na biyu kuma, a mazhabar Malikiyya maganar da ta fi shahara ita ce ragon layya ya cika shekara, saboda haka mai saye zai tambaya, kuma tilas yaro ya iya ba da amsa ta gaskiya.

CIYARWA

Masu turka rago sukan saye shi kamar wata 3 kafin Salla, su ɗaure shi a inuwa, su yi ta ba shi abinci har ya cika. A gida abincin sananne ne: harawar wake, da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da angurya, da 'ya'yan gawo, da ɗan jiƙon kanwa. A Kurmi kuwa harawa sai an kawo ta a mota, tana da tsada, don haka yara kan haɗa da dusar alkama ta kamfanonin fulawa, da ciyawar da suke yankowa a bakin lambatu da filayen da ba a gina ba, da ɓawon rogo. Shi ɓawon rogo tilas a shanya shi ya bushe sosai, domin ɗanyensa yana da dafi mai kashe dabba.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne gaggawa. Yaro yana son ragonsa ya yi ƙiba cikin mako guda, sai ya cika masa kwarya da dusa ko hatsi. Tumbin rago an halicce shi ne don ciyawa, idan hatsi ya yi yawa farat ɗaya sai ya yi tsami a ciki, rago ya daina ci, ya kama zawo, wani lokaci ya kwanta ya mutu. Haka kuma yawan dusa ba tare da isasshen ruwa da ciyawa ba yana sa tsakuwa a mafitsarar rago, fitsari ya toshe. Ƙa'ida ita ce a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako 2, kuma kada ruwa mai tsabta ya yanke a gabansa.

Akwai kuma abokiyar gaba wadda kakanni ba su sani ba, wato leda. Ragon da aka saki yana yawo a bola zai haɗiye ta, ta taru a tumbinsa, a yi ta ba shi abinci yana ramewa, sai ranar da aka yanka a ga dalili. Saboda haka yaron kirki kan share wurin turke safe da yamma.

DAMINA DA CUTA

Babbar Salla takan matso da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato tsakiyar ruwan sama a Kurmi. Ragon da ya saba da busasshen yashi, ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano a cunkushe, idan aka sauke shi cikin taɓo sai mura da tari su kama shi, kofatonsa ya ruɓe ya fara ɗingishi. Don haka ake koya wa yara su kafa rumfa, su zuba yashi ko katako a ƙasa, su kuma ware sabon rago daga sauran na kamar mako 2 a ga lafiyarsa.

Cutar da ta fi ɓarna ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara ganewa a ƙasar Kodebuwa a 1942. Alamunta su ne zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambo a baki da zawo mai wari, kuma tana iya share turke gaba ɗaya. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar. Tsutsar ciki ma tana ƙaruwa da damina. Yaro ya ja fatar idon rago ƙasa ya duba, idan cikin ja ne lafiya lau, idan ya yi fari to tsutsa na shan jininsa. Maganin kuwa a nemi malamin dabbobi ya faɗi adadinsa, kuma ya faɗi kwanakin da za a jira kafin a yanka, domin iyalin wani ne za su ci naman.

WANKA DA KWALLIYA

Idan kasuwa ta matso sai gyara. Ana wanke rago da hantsi, lokacin da rana ta fito, domin ya bushe kafin sanyin yamma. A cuɗa shi da sabulu, a kiyaye ido da cikin kunne, a ɗauraye sosai, a taje geza da buroshi, a cire kaska daga hammata da ƙarƙashin wutsiya. A datse kofaton da ya yi tsawo don ya tsaya daidai, a goge ƙaho da ɗan mai. Wasu kan ɗaura masa ƙararrawa ko igiya mai launi a wuya.

Sa'an nan sai nunawa, kuma nan ne ake gane yaron da ya ƙware. Ragon da aka saba ja da igiya kullum ba ya turjewa a gaban mai saye. Yaro ya tsayar da shi a wuri mai ɗan tudu, ƙafafu huɗu daidai, ya ɗaga masa haɓa, ya zagaya da shi a ga tafiyarsa, ya buɗe baki a ga haƙora. Ya kuma san aibin da ke hana layya: makantar ido ɗaya, gurguntaka bayyananniya, ciwo bayyananne, ramar da ta kai ba kitse, da karyayyen ƙaho mai zubar da jini. Wannan na ƙarshe shi ya sa bai kamata ragon da ake tanadi don Salla a kai shi filin karo ba, ko da yake wasan karon raguna yana da farin jini a unguwannin Ikko.

Akwai kuma abin da bai kamata a koya wa yaro ba. Wasu kan ɗura wa rago gishiri su bar shi ya sha ruwa har cikinsa ya kumbura, a ga kamar ƙiba ce. Wanda aka yi wa haka bana ba zai dawo baɗi ba, kuma sunan 'yan kasuwar duka ne ke ɓaci.

YADDA WASU ƘASASHE KE YI

A ƙasar Senegal abin ya zama gasa sosai. Suna da wani irin rago da ake kira Ladum, wanda manyansa kan wuce mita 1 a tsaye, nauyi kuma ya haura kilo 150. A birnin Dakar ana kiwonsa a saman bene da tsakar gida, ranar Lahadi kuma samari su kai tumakinsu bakin teku su wanke. A 2009 gidan talabijin na 2STV ya fara wani shiri mai suna Khar Bii, wato "tunkiyar" da harshen Wolof, inda alƙalai, cikinsu har da likitocin dabbobi, suka riƙa bin unguwanni suna auna tsawo da nauyi, suna duba haƙora da fata da tafiya, kafin a zaɓi gwarzo. Ragon da ya yi suna ba a yanka shi, ajiye shi ake yi don barbara, 'ya'yansa su yi tsada.

A Amurka kuma akwai ƙungiyar yara manoma mai suna 4-H, wadda asalinta ya faro a 1902. Yaro kan karɓi ɗan tunkiya, ya yi watanni yana ciyar da shi, yana rubuta duk abin da ya kashe a littafi, sa'an nan ya kai shi bikin nunin amfanin gona na gundumarsu. Akwai rukunin da dabbar ake dubawa, akwai kuma wanda yaron ake dubawa: yadda ya riƙe ta da hannu a ƙarƙashin haɓa, yadda ya daidaita ƙafafunta, da yadda ya amsa tambayoyin alƙali. Bayan gasa a yi gwanjo, kuɗin ya shiga hannun yaron.

ABIN DA YA RAGE

A watan Mayu na 2025 Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta gab da Salla, kuma kasuwannin Nijeriya sun ji a jikinsu. Wannan ya nuna cewa wanda ya sayi ɗan rago da wuri ya turke shi da kansa ya fi wanda ke jiran mota a makon ƙarshe kwanciyar hankali. Yaron da uba ya saya wa rago ɗaya, ya ba shi littafin rubuta kuɗin dusa da na magani, zai koyi lissafi da haƙuri, kuma ba zai hana shi zuwa makarantar boko da ta allo ba, tunda aikin na safe ne da yamma.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin dabbobi na Kurmi suna da ikon ƙarfafa wannan abu. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa su ware rana ɗaya kafin Salla, su gayyaci likitan dabbobi da dattawan dillalai su yi alƙalanci, a ba da kyauta ga yaron da ragonsa ya fi lafiya da tsabta, da wanda ya fi iya bayani a kan dabbarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba yaran sa'a, ya sa wa kiwonsu albarka, amin.