Kayan Miya: Na Kasuwa Ko Na Bayan Ɗaki?

A gidajen iyayenmu da wuya ka rasa zogale a bayan ɗaki, kabewa ta hau danga, rama da kuɓewa na tsaye kusa da wurin wanke-wanke. Yau an malale tsakar gida da siminti har gindin katanga, ko ganyen da za a yi kwaɗo sai an aiki yaro wurin mai kayan miya.

A ba kasuwa haƙƙinta. Tumatirin Kadawa da Kura, albasar Aliero da ta Galmi, duk ana sauke su a kasuwanni irin su 'Yankaba, mutum ya zaɓa ya darje. Gidan mutum goma da ake ɗora tukunya kullum, ba ɗan filin bayan ɗaki ne zai ɗauke musu albasar shekara ba.

Sai dai mai dogaro da kasuwa kaɗai ba shi da iko a kan farashi, kuma bai san yadda aka noma abin da yake ci ba. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, miyar tumatir ta gagari talaka. Manomin da ya taɓa ganin irin wannan asara ba ya wasa da feshi, wani ma har gab da cira. Ban ga laifinsa sosai ba, jarinsa yake karewa. Amma latas da alayyahun da ake ba su ruwan Jakara, mai ɗauke da dattin birnin Kano, cikin 'ya'yanmu suke shiga, kuma latas ɗanye ake cinsa.

A lambun gida kuwa, kai ka san komai. Takin yana turken awaki da akurkin kaji. A tara shi a rami da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa, har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Idan ƙwari suka taso, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, a barbaɗa toka. Alayyahu cikin wata guda an fara yanka. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Zogale reshe kawai za ka kafa. Wanda ke haya ma, tsohon buhun shinkafa cike da ƙasa da taki ya ishe shi.

Wahalar tana nan, ban ɓoye ba. A watan Afrilu, gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai ji a jikinsa, ko da ana tara ruwan alwala da na wankin shinkafa. Akuya ɗaya kuma, in ta sami ƙofa a buɗe, ta gama da aikin wata biyu.

Abin da ya fi rinjayata shi ne yara. Yarinyar da ta ga kakarta ta bar kuɓewa biyu sun bushe a kara, ta ɓare, ta ƙulle irin a tsumma don baɗi, ta koyi abin da mai kayan miya ba ya sayarwa. A ba kowane yaro buhunsa, shi ne mai ban ruwa, shi ne mai tsinka.

Saboda haka ni a ganina, albasa da tumatir masu yawa a bar wa kasuwa. Ganye kuwa, zogale, rama, alayyahu, yakuwa da latas, a gida ya kamata su fito. Maigida, kafin ka ƙara buhun siminti a tsakar gida, ka bar wa iyali taku uku na ƙasa.