Hanyar bas ta Abijan: ranar ƙidaya ta fi ranar taro nauyi

Hanyar bas ta musamman, BRT, da ake ginawa a Abijan za ta tashi daga Yopougon zuwa Bingerville, kimanin kilomita 20, ta ratsa Adjamé, inda Hausawa 'yan kasuwa da dama ke neman abinci. Da yake akwai kuɗin Bankin Duniya a aikin, dole a tuntuɓi mutanen da hanyar za ta shafa.

Akan kira taro, a nuna taswira, a saurari koke. Amma inda maganar take shi ne ƙidayar waɗanda za a tayar, domin tana da ranar rufewa. A ƙa'idar bankin, rashin takardar fili ba ya hana tallafi: mai tebur a bakin titi, ko da baƙo ne, yana da haƙƙi muddin yana wurin kafin wannan rana. Wanda ya tafi gida lokacin ƙidaya, ko aka rubuta sunan yaron shagonsa maimakon nasa, shi ke shan wahalar kawo shaida daga baya.

Ga kuma harshe, tun da yawanci da Faransanci ake bayani. Shugabannin Hausawa su je da tafinta, su kuma tambayi inda ake shigar da ƙorafi.