Agogon Ƙidayar Taku: Amfaninsa Da Iyakarsa

A 'yan shekarun nan wani sabon agogon hannu ya shigo gari, ana ganinsa a hannun ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa tun daga Kano har Mubi. Aikinsa bai tsaya ga faɗin lokaci ba. Yana ƙidaya takun mutum, yana auna bugun zuciyarsa, har ma ya gaya masa tsawon barcin da ya yi daren jiya. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce, a ina maganar agogon nan take gaskiya, a ina kuma take zama kintace?

Yankin Gude na Ƙaramar Hukumar Mubi Ta Kudu a Jihar Adamawa ya isa misali. Ƙasa ce ta duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, inda manomi kan hau tudu ya gangara kwari kafin ya isa gonarsa ta dawa ko gyaɗa. A cikin garin Mubi kuwa akwai malamin jami'a da akawun ofis da mai kanti, waɗanda ke wuni a zaune. Agogon iri ɗaya ne, amma amfaninsa ga mutanen nan biyu ya sha bamban.

Inda ya yi rawar gani

Babban amfaninsa shi ne tunatarwa. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mai zaman ofis yakan ɗauka yana kai da kawowa, sai agogo ya nuna masa da maraice cewa bai taka abin kirki ba. Wannan kaɗai yakan sa mutum ya ajiye mota ya tafi masallaci ko kasuwa da ƙafa.

Wajen bugun zuciya ma ya yi ƙoƙari. A cikin 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a hannun mutum 60, suka tarar 6 daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wasu masu tsada, kamar Apple Watch, suna iya faɗakar da mutum idan zuciyarsa tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, domin ya garzaya asibiti.

Inda ya gaza

Sai dai binciken nan ya tona wani asiri. Wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshensu kuwa da kashi 93. Watau wanda ke auna tuwonsa da abin da agogo ya faɗa, yana gini ne a kan toka.

Ƙidayar takun ma tana da nata aibi, domin motsin hannu agogon ke ji, ba na ƙafa ba. Matar da ke daka a turmi za ta iya tara taku masu yawa ba ta gusa daga tsakar gida ba. Wadda ta ɗauko ruwa daga rafi, hannunta na dafe da tulu a ka, sai a rage mata lissafi alhali ita ce ta fi jigata. Haka nan mota a hanya mai gargada takan ƙara wa fasinja takun da bai yi ba. Yawancin agogunan kuma koren haske suke haskawa cikin fata don su ga gudun jini, shi ya sa idan ɗaurin ya yi sako-sako, ko hannu na jijjiga da aikin fartanya, sai awon ya rikice.

Ita ma maganar taku 10,000 a rana da ake ta yayatawa, asalinta talla ce. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fito da na'urar ƙidayar taku a cikin 1965, ya raɗa mata sunan da ke nufin ma'aunin taku dubu goma. Binciken da masanan Jami'ar Harvard suka buga a 2019 a kan mata tsofaffi fiye da 16,000 ya nuna cewa masu taku kamar 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma daga wajen 7,500 ribar ba ta ƙara hauhawa ba. Manomin Gude bai buƙatar agogo ya shaida masa cewa ya motsa jiki.

Ga kuma batun caji. Wasu masu tsada da ƙyar suke kwana ɗaya, ko da yake na Garmin sukan yi kwanaki. A ƙauyen da sai an biya kuɗi a shago ake cajin waya, wannan ƙarin ɗawainiya ce.

Inda hatsarin yake

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne masu araha da ke cika kasuwanni, waɗanda ake cewa wai suna auna hawan jini da sukari. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukarin jini da kansa ba tare da an huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya rage magani bisa wannan lissafi yana wasa da ransa. Hawan jini kuwa, ko agogon Samsung da ke auna shi sai an daidaita shi da na'urar asibiti mai ɗaurin damtse duk bayan mako 4.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin Hukumar Lafiya Ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Idan agogon bogi ya ce wa mutum lafiyarsa ƙalau, ya hana shi zuwa awo, to, ya cuce shi. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka mai zaman ofis da ke da hali ya sayi na kamfanin da aka sani, ya ɗauke shi a matsayin mai tuni. Wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, musamman mai gida da ya haura shekara 40, gara ya sayi na'urar awon jini ta damtse wadda iyali duka za su amfana da ita, ko ya riƙa leƙa asibitin da ke kusa a auna shi. Agogo na iya ƙidaya taku, amma faɗin cuta da rubuta magani aikin likita ne. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.