Kwana Uku A Duwatsun Azbin

Fataken Kano da Katsina da Damagaram sun daɗe da sanin Azbinawa a bakin kasuwa, suna sayen gishirin Bilma a hannunsu, suna sayar musu da turkuɗi da gero. Amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙasar da mutanen nan suke fitowa. Ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu a tsakiyar hamada, arewa da Agadas, a kan tudu ƙwarai, har dutsen Bagzan ya haura mita 2,000. Wanda ya tafi da 'yar shara kaɗai, wai shi hamada za shi, zai kwana makyarkyata, domin da hunturu sanyin dare a bisa duwatsun nan yakan sa ruwa ya daskare.

Mai kwana uku a hannu yakan fara da Agadas ran Jumma'a. Hasumiyar babban masallacinta ta laka ce zalla, tsawonta mita 27, an gina ta wajen 1515, aka sāke ginin a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta ba don ado kaɗai aka sa su ba, a kansu magina suke tsayawa in za su yi yaɓe. Matakalar ciki kuwa sai ƙara ƙunci take yi in ana hawa, har mai ƙiba yakan haƙura a rabin hanya. Ma'abota ilmi ba za su manta ba, a garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Ran Asabar tun da asuba ake kama hanyar Timiya. Nisanta ya ɗara kilomita 200, amma kada lissafi ya ruɗi mutum: dutse ne da rairayi, mota takan yini tana rarrafe. Bayan wannan wahala sai ga lambuna kore shar a gindin dutse, ga lemo, ga rumman, ga dabino. Raƙumi ko takarkari ke jan guga daga rijiya, ruwa ya zube a magudana ya bi fadama-fadama. Kusa da garin akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a kududdufi mai sanyi. Can arewa kuma ga kufan Asode, tsohon birnin Azbin, inda ayari ke sauka a dā, yanzu sai bangaye.

To, ga inda haɗari yake. Baƙo in ya gaji, ba abin da ke jan ransa kamar rairayin korama, mai laushi, ga inuwar gawo da ƙaya. Azbinawa ba su kwana a ciki da damina. Ruwa yakan sauka a kan dutsen da ido bai ko hango ba, sama tana garau a inda mutum yake kwance, sai kogi ya taso cikin dare ya kwashe kaya da dabba da mai su. Don haka ba a shiga duwatsun nan sai da jagora ɗan ƙasa, da salkar ruwa fiye da yadda ake zato za a sha. Tun tawayen 2007 kuma masu yawon buɗe ido suka ragu ƙwarai, mai hankali yakan tambayi labarin hanya a Agadas kafin ya ɗaura kaya.

Ran Lahadi ake juyowa, da kwandon lemon Timiya na tsaraba.